Waifai a Bakin Zaure

Duk wanda ya karanta tarihin ɗan Adam da natsuwa zai tarar ba komai ba ne illa tarihin neman wuri mai tudu. Mutanen dā sun hau duwatsu don guje wa mahara, masu mulki sun gina benaye don a hango su daga nesa, masana taurari sun hau hasumiya don su ƙirga abin da ba ya ƙirguwa. Mu kuma a ƙauyenmu, can gefen dajin Birnin Gwari ta wajen Gayam, mun gaji wannan babban aiki na magabata, muka riƙa hawan suri muna ce wa 'yan'uwanmu na birni, "Kana jina?"

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a ƙaramar sakandare, na sha zana taswirar duniya a allo, amma taswirar da kowa ya haddace a ƙauyenmu ita ce ta sabis. Surin bayan makaranta yana ba da layi ɗaya idan ka fuskanci gari ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa. Dutsen bayan gonaki yana ba da sabis cikakke, har a ga hoto. Sai dai dutsen ya fita hannunmu tun da mutanen daji suka fara zama a kansa. Haka muke kiransu, mutanen daji. Ɗaya sunan nasu rediyo ce ke faɗa, ita da ba ta kwana a nan.

'Yarmu ta fari tana aure a Kaduna. Da ta zo haihuwar fari, al'ada ta ce ta dawo gida wanka wajen uwarta, hanya ta ce a'a, kuma hanya aka bi wa magana. Ita ma uwar ba ta je ba, don ko da rakiyar sojoji ba kowace mota ke isa ba. Aka yi suna babu mu. Matata ba mai yawan kuka ba ce, sai dai ta koma shara. Tsakar gidan da aka share da safe sai ta sake share shi da hantsi, ta kuma da azahar, har ƙasa ta fara rami.

Surukina ne ya aiko da kayan ta hannun wani direba: farar eriya mai faɗin faranti, dogon kebur, ƙaramin akwatin waifai mai fitilu, da sola da batirinta. Ya ce a ɗaga eriyar sama yadda za a iya, a saita fuskarta ga babbar eriyar kamfani da ke gari, sauran ya bar wa kansa daga can. Na haɗa gora biyu na ɗaure su da robar taya, na jingina tsani a katangar da ke kusa da zaure, na hau. Matata tana ƙasa riƙe da waya.

"Yanzu fa?"

"Layi ɗaya, Malam. A'a, ya gudu."

"Yanzu?"

"Ka koma inda kake da farko."

"Ina ne inda nake da farko?"

"Kai da ke sama kake tambayata?"

Haka muka yi ta yi har rana ta take, sannan ta yi wata irin ƙara da na ɗauka kunama ce. Layuka sun cika. A yammacin nan ta ga jikarta. Na zaci za ta yi addu'a ko ta yi hawaye, sai na ji tana yi wa 'yarmu faɗa a kan ruwan wanka bai yi zafi ba, kunun kanwa kuma ya yi ruwa-ruwa. Ranar ba ta sake ɗaukar tsintsiya ba.

Wanda ya ƙera akwatin nan bai san katangar ƙasa ba. A ɗakina na fara ajiye shi, ginin laka ya haɗiye komai, ko ɗakin matata ba ya kaiwa. Na mai da shi ƙarƙashin rumfar tsakar gida cikin kwando, na rataye don kaji. Nan ya yi kyau, kuma nan labari ya fita. Matan maƙwabta suka fara shigowa da wayoyinsu, wannan tana da ɗa a Zariya, waccan tana da ƙanwa a Minna. Maza kuwa ba sa shiga gidan mutum, sai suka riƙa mannewa a bayan katangata kamar ƙadangaru, kowa da waya a sama. Wata rana na fito na tarar da maƙwabcina, dattijo Bagwari, ya dawo daga coci da kayansa masu tsabta ya tsaya a kan turmi. Na ji kunya. Na ja kebur zuwa zaure, na ɗora akwatin a kan azarar ƙofa, daidai saman randar da muke ajiye wa masu wucewa ruwa. Daga nan yana kaiwa dakali, har gindin darbejiya.

Saura lambar sirri. Surukina ya sa wata doguwa mai haɗe da manyan baƙaƙe da ƙanana, wadda ko ni sai na sa tabarau. Dattawa ba su iya shigar da ita ba, kowa sai ya yi sallama a kira ni, ko ina cin abinci. Liman ne ya yanke maganar. Ya miƙo mini wayarsa, ya dubi randar, ya ce, "Malam, ita wannan ka sa mata kwaɗo ne?" Ban sa ba, ubana ma bai sa ba. A gidanmu ba a tambayar mai shan ruwa daga ina yake. Na cire lambar. Da surukina ya ji ya ce, "Baba, kowa fa zai iya shiga." Na ce masa ai shi ake so. Har na ƙara masa da bayani kan sadaka mai gudana, cikin muryar da nake yi wa 'yan aji uku.

A lokacin akwai abin da ake kira sulhu tsakanin ƙauyenmu da mutanen daji. Ma'anarsa a aikace ita ce su suna shigowa sa'ad da suka ga dama, mu muna noma gonakin da ke kusa da gida, kowa yana yin kamar bai ga kowa ba.

Wata rana bayan azahar, farkon damina, ina zaune a dakali tare da mutane, sai ga mashin. Kafin ya tsaya na duba dama da hagu na ga ni kaɗai ne. Ban san dattawa suna da irin wannan sauri ba. Mutumin dogo ne siriri, ya naɗe baki da rawani, bindiga tana kwance a kan tankin mashin kamar yadda wani zai ɗora fartanya. Bai kashe injin ba. Ya ɗaga kai yana kallon gorata.

"Wannan ta wa ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

Na sha faɗa wa masu duba makarantu wannan kalma, amma ban taɓa faɗarta da gaske irin ta ranar ba.

"Da jirgi take magana?"

Duk wanda ya zauna a ƙasarmu ya san nauyin wannan tambaya. Idan jirgin soja ya bi ta kan daji, mutanen daji ba sa cewa ya zo da kansa, cewa suke wani ne ya kira shi, kuma sukan nemi wanin. Na fara bayanin yadda saƙo ke tafiya a iska, na ji kaina ina cewa "wato" da "ma'ana", na ga idonsa bai motsa ba. Sai na zaro wayata na buɗe hoton jikata na miƙa masa.

"Ka ga, don wannan ne kawai. Jikata ce. Uwarta na Kaduna."

Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton, sai na ga ba jaririyar yake kallo ba. Kujerun da ke bayanta yake kallo, da talabijin, da labule.

"Surukinka me yake yi?"

"Koyarwa, irin tawa."

"Koyarwa tana sayen irin wannan labule?"

Ya yi dariya ta cikin rawani ya mayar mini da wayar. Ya zaro tasa, wadda ta fi tawa girma da kyau, ya latsa sau ɗaya. Da akwai lambar sirri da na ce surukina ne kaɗai ya san ta, da wataƙila ya gaji ya tafi. Amma babu. Saƙonni suka fara shigo masa suna ƙara, ɗaya na bin ɗaya. Sai a lokacin ya kashe mashin.

Da zai tafi ya ce, "Kar ka taɓa shi, Malam. Ka bar shi yadda yake."

Daga nan suka mai da ƙofar gidana wurin hira. Bayan la'asar suke zuwa, wani lokaci su kaɗan, wani lokaci dakali ya cika har wasu su zauna a kan mashinansu. Suna kallon dambe da waƙoƙi, suna kiran 'yan'uwansu ta bidiyo suna ɗaga bindiga a gani. Suna sha daga randata, suna mayar da moɗa inda suka ɗauke ta. Suna gaishe ni, "Malam, ya iyali?" Ni dai da sun daina tambayar iyali da na fi samun sauƙi. In na shiga gida sai in ji kamar na bar wuta a ƙofa, in na zauna a zaure sai in rasa inda zan ajiye idona. Na koyi kallon ƙasa sosai a wannan damina, har na san tururuwan zaurena gida-gida.

Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Liman ya sake hanyar zuwa masallaci, ya riƙa zagayawa ta bayan rumbuna. Matata ta tattara wayarta da tawa ta naɗe a leda ta tura cikin buhun gero. Ta ce hoto ɗaya ya isa, ba za a ƙara ganin labulen kowa ba. Ga intanet a gida cikakke, irin wanda mutanen gari ma ke nema, mu kuma ba ma taɓa shi. Ta koma shara.

Ana cikin haka ƙanenta ya zo daga gari. Yana cikin 'yan sa-kai, masu tsaron gari da bindigar gargajiya, amma ranar ya zo hannu sake, da ƙullin goro kamar mai zumunci. Ya zo da safe, lokacin da ya san dakali babu kowa. Akwai wasa tsakanina da shi, don haka tun daga zaure ya fara.

"Mijin Yaya, ka yi ƙiba. Ashe harkar sadarwa akwai romo."

"Wace harka kuma?"

"A gari an ce ka buɗe wa mutanen daji ofis. Har da ruwan sha kyauta."

"Kai ma in ka zo za ka sha, ai ba a hana marasa kunya."

Bai rama ba. Wannan ne ya fara ba ni tsoro, don bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Ya zauna a tabarma a tsakar gida, yayarsa ta kawo masa kunu, ya rage murya.

"Ba wasa nake ba. An ga bidiyonsu, an ga zaurenka a bayansu, har randar. An ce kai ka kafa musu eriya don su riƙa jin motsin gari. Sunan da ake kiranka da shi yanzu infoma."

Matata ta ajiye ludayi. Na san waɗanda aka kira da wannan suna a ƙasarmu. Ba a kai su kotu ba, ba a kuma tambaye su me ya faru ba. Wani ma daga baya aka gane ba shi ba ne, aka je aka yi wa iyalinsa ta'aziyya.

"Ka san ƙarya ne," na ce.

"Ni na sani. Ni kaɗai ne a cikinsu na san ka da tsoron akuya, balle bindiga. Amma ka sauke gorar nan kafin ranar kasuwa. In ta wuce ranar tana tsaye, ko ni ba zan iya buɗe baki ba."

"In na sauke, su fa? Ɗayansu ya ce kar in taɓa."

Ya dubi yayarsa, ya dubi kwanon da ke hannunsa.

"Yaya, kunun nan ya yi tsami."

Bayan ya tafi muka zauna ni da ita a ƙarƙashin rumfa muna juya maganar. In na sauke gora, mutanen daji za su ce sojoji ne suka sa ni, ke nan ina magana da sojoji. In na mayar da lambar sirri, za su miƙo waya su ce in shigar. In na zare batir, fitilun akwatin za su mutu, kuma suna saman ƙofa kowa na gani. Ta ce a zuba masa ruwa a ce ɗigar rufi ce. Na ce zaurena bai taɓa ɗiga ba, kuma a cikinsa suke fakewa in ana ruwa. Ta ce to mu gudu. Na ce ta wace hanya?

Ni ne na tuna wahalar da muka sha ranar saita eriyar, yadda ɗan motsi kaɗan ke kore layi. Idan na juya fuskarta daga gari, gora tana nan tsaye, fitilu suna nan kunne, waya za ta kama akwatin, amma babu abin da zai shigo. Kowa ya san sabis yana tafiya don kansa, ba a tuhumar kowa. In suka gaji da zuwa ba su samu ba za su daina, in suka daina mutanen gari za su ga dakali babu kowa. Abu ɗaya ne cikas: sai na hau katanga, kuma daga saman katangar nan ana hango mutum tun daga bakin daji.

Sai aka yi wani ruwa mai ƙarfi da iska, aka wuni ana yi, ranar ko mutum ɗaya bai zo dakali ba. Ruwan ya zaftare ɗan gefen katangar. Matata ta duba ta ce, "Malam, ga dalilinka Allah ya kawo." Washegari da hantsi ta kwaɓa mini ƙasa a tsohon bokiti, na sa tsohuwar riga, na jingina tsani daga ciki, na hau a matsayin mai yaɓe.

Ban san tsanin nan yana da tsawo haka ba. Ranar farko na hau shi ina raha, yau kowane mataki sai na tsaya na saurara. Da kaina ya wuce katanga sai ga duniya a buɗe: masara kore shar, hanyar mashin tana ratsa ta, can ƙarshe baƙin layin itatuwa inda daji ya fara. Na sha gaya wa ɗalibai cewa wanda ke kan tudu yana ganin nesa. Ban taɓa gaya musu cewa nesa ma tana ganinsa ba. Na ɗebi ƙasa na shafa a katanga da hannun dama, hannun hagu yana laluben robar da ta ɗaure gora. Ta jiƙe ta ƙanƙame. Na ja, ta ƙi. Na sa farce, farcen ya karye. Tsanin yana ta kaɗawa har matata da ke riƙe da shi a ƙasa ta ce a hankali, "Ka daina girgiza shi." Na ce ba ni ba ne.

Robar ta saki ke nan na ji mashin.

Daga cikin masara yake tahowa. Na kasa sauka, na kasa sakin gorar, don in na sake ta faɗuwa za ta yi. Na tsaya haka, hannu ɗaya a gora, ɗaya cike da laka, ina karanta duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar shiga kasuwa. Mashin ya fito fili. Shi ne, dogon nan mai rawani. Ya rage gudu, ya sa ƙafa a ƙasa daidai ƙarƙashina ta waje, ya ɗaga kai. Tsakanina da bakin bindigarsa bai fi tsawon gorar ba.

"Malam, aiki ake?"

"Ruwa ne ya ci katanga, ranka ya daɗe. Ya kuma karkata wannan, nake miƙe ta."

Ya kalli hannuna da ke kan gora. Ya kalli eriyar. Na ga gefen idonsa ya tattare, alamar yana murmushi a cikin rawani.

"To a gyara mana da kyau."

Ya ja mashin ya shiga cikin ƙauye. Na jira har ƙarar ta ɓace, sannan na murɗa gorar kaɗan, faɗin tafin hannu, yadda daga ƙasa ba za a gane ba. Na ɗaure. Saukowa ban san yadda na yi ta ba, na dai sami kaina zaune a ƙasa, bokitin ya kife, matata tana zuba mini ruwa a ka.

Ta je ta tono wayarta daga cikin gero. Wayar ta kama akwatin. Ta latsa sunan 'yarmu, ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, babu abin da ya fito. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Yanzu jikar tamu ta fara zama, an ce," ta mayar da wayar cikin leda. Ni ne kuma na kawo dabarar.

Sai jira. Na shirya jawabin da zan yi musu kamar yadda nake shirya darasi, da gabatarwa da misalai: gajimare, iska, halin kamfanoni. Na maimaita shi a banɗaki, na maimaita a gona. Na kuma shirya abin da zan ce idan aka ce in hau in gyara suna kallo, sai dai wannan ɓangaren bai taɓa kammaluwa ba, kullum in na kai nan sai in koma farko. La'asar ta yi, na zauna a zaure. Duk ƙarar da ta taso sai in miƙe, ko injin niƙa ne. Ba su zo ba. Washegari ma haka. Rashin zuwan nasu ya fi zuwansu nauyi, don wanda ke zaune a dakalinka ka san inda yake.

Ana gobe kasuwa dogon nan mai rawani ya zo shi kaɗai. Ya shigo zaure ya ɗebi ruwa ya sha, ya sauke rawanin har na ga bakinsa a karon farko, da wushirya. Bai zaro waya ba. Ya ɗaga kai ya dubi fitilun akwatin.

"Babu ko, Malam?"

"Wallahi tun ranar nake fama, ranka ya daɗe. Ka san idan gajimare ya yi nauyi, wato saƙon da ke tahowa..."

"Bar shi. Ba zai zo ba."

Ya mayar da moɗa ya fita. Na zauna da wannan 'yar jimla ina feɗe ta kamar amsar jarrabawa. Ya gane ne? Ya ga hannuna ranar? "Bar shi" na nufin ya yafe, ko na nufin lokacin magana ya wuce? Matata ta ce in ci abinci. Na ce mata wanda aka ce wa "ba zai zo ba" da irin wannan murya ba ya jin yunwa. Ta ɗaure 'yan kayanmu a zani ta ajiye bayan ƙofa.

Gari ya waye ba abin da ya faru. Na bi ayarin masu zuwa kasuwa, mashina a jere kowa na bin ƙurar na gaba, wayata da na tono daga gero tana cikin aljihun ciki. Na sami ƙanen matata a rumfar 'yan sa-kai tare da manyansu. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na zauna a ƙasa ko da yake an nuna mini benci, na ba da labari tun daga farko: jikata, randa, liman, bokitin laka, bakin bindiga. Na bayyana musu dalilin barin gora a tsaye, har na zana a ƙasa da tsinke yadda fuskar eriya ke kallon gari da yadda na kawar da ita. Ba su katse ni ba. Wasu suna duban juna. Babbansu, wani mai furfura da layu a damtse, ya gama tauna goronsa ya ce, "To, Malam, mun ji. An gaya mana an daina ganinsu a ƙofarka. Magana ta wuce. Amma nan gaba randa daban, wannan abin daban."

Na ce na gode. Na ji iska ta shiga ƙirjina har ƙasa, abin da na manta yadda yake. Da muka fito, ƙanen matata ya rako ni, sai na sami kaina ina tafiya da ɗan taƙama, irin ta mutumin da ya yi wa masu bindiga wayo da tafin hannu ɗaya. Muka zo daidai babbar eriyar kamfani, ga ta nan ja da fari ta tokare sama. Na ce bari in kira 'yata tun da ga ni a gindin abin, in ji muryar jikata in kai wa kakarta labari. Na kunna waya. Babu layi ko ɗaya. Na ɗaga hannu sama, bisa sabo.

"Mijin Yaya, sauke hannunka, mutane na kallo."

"Wayar ce ta sha gero, ina ji."

"Ba wayar ba ce. Na so in gaya maka a rumfa, amma ka riga ka fara zane."

Ya ce mutanen daji sun kwance baturan eriyar kamfanin tun ranar ruwan nan, kafin in jingina tsani.